Idan Na'ura Ta Ƙi Magana da Kwamfuta: Jagora ga Mai Gyara a Mabera

Kayan da ake ajiyewa a teburin mai gyara a Mabera ta Sakkwato yanzu sun wuce waya kaɗai. Ana kawo Tecno da Itel da Infinix da suka maƙale a tambarin kamfani, ana kawo dikodar Strong da ta mutu a tsakiyar sabunta manhaja, ana kawo tsohuwar GPS ta masu awon fili, wani lokaci kuma a kira ka gida ka duba inbatar sola da ta ƙi nuna komai a kwamfuta. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 na'urar POS ma ta shiga sahu, don kusan kowace kwana akwai mai laima da teburi. Duk waɗannan kaya ƙofa iri ɗaya suke bi idan za su yi magana da kwamfuta, wato tashar siriyal, wadda Windows ke kira COM3 ko COM7. Kuma duk ciwonsu kusan ɗaya ne: ka jona, shiru, ko na'urar ta bayyana ta ɓace, ko aiki ya kai rabi ya tsaya.

Abin da yaran shago suka saba yi a nan shi ne su ɗora laifin a kan fayil ɗin manhaja, su sake sauko da wani, su ƙona data da rabin yini. A ganina wannan gurguwar dabara ce. Mafi yawan abin da ake kira matsalar sadarwa, idan aka bi diddigi, matsalar wuta ce: batir da ya gaji, kebul siriri, ko na'urar da ta yi barci don tattalin caji. Saboda haka da wuta za mu fara, fayil kuwa shi ne na ƙarshe da za a tuhuma.

Abin da ke gudana a cikin wayoyin

Tashar siriyal tsohuwa ce ƙwarai. Ƙa'idar RS-232 ta fito a Amurka a 1960, tun kafin a san kwamfutar tebur. Aikinta mai sauƙi ne: ana tura bayani ɗigo bayan ɗigo a kan waya guda, ana karɓa a kan wata, sai ta uku da ɓangarorin biyu ke auna wutarsu da ita. TX shi ne baki, RX shi ne kunne, GND kuma ita ce ƙasar da duka biyun ke tsaye a kai. Bakin wannan dole ya tafi kunnen wancan. Idan ka haɗa baki da baki, ko ka kwana a wurin ba za ka ji komai ba.

Babu wayar agogo a tsakaninsu, don haka sai sun amince tun farko a kan gudun da za su yi. Lambobin nan da ake gani, 9600 ko 115200, su ne yawan ɗigon da ke wucewa a daƙiƙa. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne 8N1, inda kowane harafi ke cin ɗigo 10: ɗaya na buɗewa, 8 na bayani, ɗaya na rufewa. Ke nan a gudun 9600 haruffa 960 ke wucewa a daƙiƙa, a 115200 kuma 11,520.

Wayar zamani ba ta da soket ɗin siriyal mai ƙafa tara, amma ƙofar tana nan a ɓoye. Idan ka jona waya mai injin MediaTek tana kashe, Device Manager zai nuna MediaTek PreLoader USB VCOM Port. Mai injin Qualcomm da ta shiga yanayin gaggawa za ta fito da Qualcomm HS-USB QDLoader 9008. Duka biyun tashar COM ce da aka ɗora a kan USB, kuma duk abin da za a faɗa a ƙasa ya shafe su.

Batir tukuna

Ɗauki mita, juya ta zuwa ma'aunin wutar batir, ka ɗora jan tsinke da baƙi a ƙafafun batirin. Batirin litiyam na waya yana cika a bolt 4.2, sababbi kuma a 4.35 ko 4.4. Lambar da ke rubuce a jikinsa, 3.7 ko 3.85, matsakaicinsa ce kawai. Idan ka ga ƙasa da 3.5 kada ka fara filashin, sa shi caji tukuna. Idan ka ga sifili, mai yiwuwa ɗan fanel ɗin kariya da ke bakin batirin ne ya yanke saboda ya sauka ƙasa ainun, ba lallai batirin ya mutu ba.

Sai dai awon batir yana zaune yana yin ƙarya. Batirin da ya tsufa zai nuna maka 3.8 lafiya lau, amma da an ja wuta sai ya durƙushe. Dalilin shi ne turjiyar da ke cikinsa tana ƙaruwa da shekaru da zafi. Ga lissafin: waya ko POS da ke kan layin 2G tana jan wuta a fizge, har kusan amfiya 2 na ɗan ƙiftawar ido, sau 217 a kowace daƙiƙa. Idan turjiyar batirin ta kai om 0.3, kowace fizga za ta sauke wutar da bolt 0.6. Batirin da ke 3.8 ya koma 3.2, kuma a nan injin yake kashe kansa ko ya sake tashi. Wannan ne ya sa mai POS zai ce maka: "Malam, cajinta rabi ne, amma da na danna ta fitar da rasit sai ta mutu." Firintar rasit ba ta da tawada, da zafi take rubutu, kuma wannan zafin daga batir yake fitowa, a daidai lokacin da na'urar ke neman sabis. Fizga biyu sun haɗu a kan batir ɗaya.

Hanyar ganewa ita ce ka bar tsinken mita a kan batir, ka sa na'urar ta yi aikin da ke kashe ta, idonka na kan lamba. Mitar hannu ba ta da saurin kama kowace fizga, amma idan ka ga ta gangara da 0.3 ko fiye, batirin ya gama aiki. Wanda ke da na'urar ba da wuta ta tebur ya fi kowa morewa: cire batirin, saita bolt 4.0, ka ba ta damar amfiya 2, ka jona. In ciwon ya tafi, gani ya kori ji. Wasu wayoyin ba sa tashi haka sai sun ji ƙafar tsakiya ta batir, wadda ke ɗauke da ma'aunin zafi, don haka ka nemi kebul ɗin gwaji da aka yi domin irin wayar.

Allurar na'urar ba da wutar tana ba da wani labarin kuma. Waya tana kashe, ba ka taɓa maɓalli ba, allura ya kamata ta kwanta a sifili. Idan tana jan miliamfiya 50 ko 100 a haka, akwai inda wuta ke zuba a fanel, kuma wannan ita ce wayar da mai ita zai ce yana cika ta da dare ya tashi ta sauka. Ba filashin da zai warkar da ita.

Kebul da bakin USB

Kebul ɗin USB na gaske wayoyi huɗu ne a ciki: ja na wuta, baƙi na ƙasa, fari da kore na bayani. Da yawa daga cikin masu araha da ake rataye wa a kasuwa ja da baƙi kawai ke ciki. Waya za ta nuna tana caji, kwamfuta kuwa ba za ta ko yi ƙara ba. Wasu kuma huɗun sun cika amma tagullar siririya ce ƙwarai, wuta na raguwa a hanya. USB na fitar da bolt 5. Idan kebul ya cinye rabin bolt, abin da ya isa waya bai kai yadda ake so ba, sai filashin ya yanke daidai lokacin da aka fara rubutu a ma'ajiya, inda ake jan wuta da yawa.

Ka ware kebul ɗaya gajere mai kauri domin filashin kaɗai, kada ka ba kowa aronsa don caji. A kwamfutar tebur yi amfani da bakin da ke baya, wanda ke manne da fanel kai tsaye, ka bar na gaba. Bakin USB 2.0 miliamfiya 500 aka tsara ya bayar, na 3.0 kuma 900. In ka sa marabar nan mai baki huɗu marar caja, wannan 500 ɗin za su raba. Tsofaffin manhajojin filashin kuma sun fi jituwa da bakin 2.0.

Sai maganar janareta. Mu da ke ƙarƙashin Kaduna Electric mun san yadda wuta ke zuwa da tafiya, kuma lokacin sauyawa daga layi zuwa inji ne ake kashe wayoyi da yawa. In da laftof kake aiki, cika ta, zare caja, ka yi filashin a kan batirinta. Ban da tsoron ɗaukewar wuta, caja mai ƙafa biyu tana barin wata 'yar wuta na yawo a jikin laftof, irin wadda kake ji tana cizon hannu idan ka taɓa ƙarfenta alhali ƙafarka na ƙasa. Wannan wutar tana bin kebul ta shiga dikoda ko inbata, ta gurɓata bayani, wani lokaci ma ta ƙona ƙofar. Ka jona kebul ɗin siriyal kayan suna kashe, sannan ka kunna.

Gano ƙafafu da mita

A nan ne ake asarar kaya, don haka a bi a hankali. Siriyal iri biyu ne da ba sa shan inuwa ɗaya. RS-232 ta gaske, mai soket ɗin DB9, tana aiki da wuta mai hawa da sauka: daga bolt 3 zuwa 15 a sama da sifili, da kuma 3 zuwa 15 a ƙasa da shi. Wadda ke kan fanel kuwa, da ake kira UART ko TTL, daga sifili take zuwa 5, ko 3.3, a wayoyin zamani ma 1.8 kawai. Bugu da ƙari ma'anarsu a juye take: abin da RS-232 ke kira ɗaya, da wutar ƙasa da sifili take faɗinsa, TTL kuma da wutar sama. In ka ɗauki kebul ɗin DB9 ka liƙa shi kai tsaye a ɗigon TX da RX na fanel ɗin waya, ka tura bolt kusan 9 inda aka shirya wa 1.8. Tsakaninsu dole a sa mai fassara, MAX232 ga bolt 5 ko MAX3232 ga 3.3, ga na 1.8 kuma adafta mai wannan zaɓin.

Mita za ta gaya maka wanda ke gabanka kafin ka jona komai. Kunna na'urar, ɗora baƙin tsinke a GND, ka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da ja. Bakin da ba ya magana ba ya zama a sifili. A RS-232 zai tsaya ƙasa da sifili, galibi tsakanin 5 da 10 tare da alamar ragi a fuskar mita. A TTL zai tsaya a sama, 3.3 ko 1.8, kuma lambar da ka gani ita ce matakin wutar na'urar. Idan ka bar tsinken a wurin ka sake kunna na'urar, za ka ga lambar na rawa na 'yan daƙiƙu yayin da injin ke zuba bayanin tashi. Wannan ƙafar ita ce TX babu shakka. RX yakan zauna shiru, ko a sifili ko a sama, ba ya rawa.

A DB9 na kwamfuta ƙafa ta 2 ce RX, ta 3 TX, ta 5 GND. Lambobin suna nan a rubuce ƙanana a jikin robar soket, sai ka karkata shi ga haske. Kebul kuma iri biyu ne masu kama ɗaya a ido: miƙaƙƙe, inda 2 ke zuwa 2, da mai giciye, inda 2 ke zuwa 3. Dikodoji da yawa mai giciye suke so, amma kada ka yi canke. Auna ƙafa ta 2 da ta 3 a ƙarshen kebul ɗin da ya fito daga kwamfuta, ka auna na dikodar. Idan wutar ragi ta fito a ƙafa mai lamba ɗaya a ɓangarorin biyu, baki biyu ne za su yi karo, sai a juya.

Kafin ka zargi na'urar mutane, gwada kayanka. Cire na'urar, ɗauki ɗan guntun waya ka haɗa ƙafa ta 2 da ta 3 a kebul ɗinka, ka buɗe PuTTY ko Tera Term, ka zaɓi lambar COM, ka kashe zaɓin da ke maimaita maka abin da ka buga. Buga haruffa. In sun fito a allo, adafta da direba da kebul duk lafiya suke. Zare guntun wayar ka sake bugawa; yanzu bai kamata komai ya fito ba. Wannan gwajin bai kai minti biyu ba, kuma yana raba matsalar gida biyu nan take.

Masu aikin sola su kula da wani tarko. Soket ɗin da ke jikin inbata mai kama da na intanet sau da yawa ba na intanet ba ne. A inbatoci irin na Voltronic, masu aiki da manhajar WatchPower, RS-232 ce a cikin rigar RJ45. A masu sarrafa caji na EPEver kuwa RS-485 ce, wata ƙa'ida daban mai wayoyi A da B, wadda ke buƙatar nata adaftan. Wasu ƙafafun waɗannan soket suna ɗauke da wuta, don haka kada ka cusa kebul ɗin intanet daga nan zuwa laftof.

Gudu

Idan allo ya cika da tarkacen alamomi marasa ma'ana, ka yi murna, don wayoyinka daidai suke, gudun ne bai zo ɗaya ba. GPS da ke fitar da bayanin NMEA a 4800 take tafiya, kuma a tsohuwar Garmin eTrex sai ka shiga saiti ka sauya daga tsarin Garmin zuwa NMEA kafin ka ga komai. Inbatocin Voltronic 2400 ne. Dikodoji da yawancin fanel 115200. Bayanin tashi na wayoyin MediaTek galibi a 921600 yake fita, gudun da adafta mai araha da doguwar waya ba sa iya riƙewa. Gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Idan rabin rubutun na karantuwa rabi na lalacewa, duba GND, ko ka rage tsawon waya. RS-232 an tsara ta ne don kimanin mita 15, TTL kuwa kada ta wuce kamu ɗaya ko biyu. Idan kana karɓa amma abin da ka tura ba ya tafiya, je saitin tashar ka mayar da Flow control zuwa None, domin kwamfutar na jiran izini ne daga ƙafa ta 8, wadda ba a jona da komai ba.

Direba da jabun adafta

Adaftocin da ke zuwa mana daga Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ɗaya daga cikin injuna huɗu ke cikinsu: PL2303 na Prolific, CH340, CP2102, ko FT232 na FTDI. PL2303 ne aka fi kwaikwaya. Sabon direban kamfanin yana ƙin jabun da ma tsofaffin na gaske da aka daina yi, sai ka ga alamar rawaya a Device Manager da Code 10. Tsohon direba yana tada shi, amma Windows kan sake sabunta shi a bayan idonka, ciwon ya dawo. FTDI ma ta taɓa yin abin da ya fi haka a watan Oktoban 2014, lokacin da direbanta ya riƙa goge lambar shaidar jabun injuna har kwamfuta ta daina gane su, kafin a janye shi bayan surutu ya yi yawa. Shawarata ga mai ƙaramin jari ita ce CH340 ko CP2102: suna da araha, kuma ba su cika wannan rigimar ba.

Ƙananan abubuwa uku da ke ɓata yini: manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe tashar COM a lokaci guda, don haka in PuTTY na buɗe, manhajar filashin za ta ce an hana ta shiga. Wasu tsofaffin manhajojin dikoda ba sa ganin lambar da ta wuce COM4, sai ka shiga Advanced a saitin tashar ka rage ta. Sannan PreLoader na MediaTek da ke bayyana ya ɓace cikin 'yan daƙiƙu ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi: yana leƙowa ne ya ga ko akwai mai kiransa, in babu ya wuce zuwa caji. Danna Download a SP Flash Tool tukuna, sannan ka jona wayar tana kashe.

Idan duk wannan ya wuce kuma ka ga kuskure mai lamba 4032, to yanzu ne fayil ya shigo magana, domin wannan lambar na nufin an kasa tada ma'ajiyar aiki ta wayar, galibi saboda fayil ɗin ba na wannan fanel ba ne. Ka kuma nisanci Format All + Download sai ka kwafe abin da ke ciki, don yana share ɓangaren da IMEI yake, wayar ta tashi babu sabis.

Na'urar da ke barci

Wannan shi ne ciwon da ya fi ruɗarwa, saboda komai na aiki da farko. Minti biyu ko biyar, sai magana ta yanke. Ka taɓa allo ko ka zare ka mayar, ta dawo. Duk lokacin da matsala ta zo da agogo haka, tattalin wuta ne.

Abin ba sabo ba ne. Tun zamanin PalmPilot na ƙarshen shekarun 1990, mai aiki da ƙananan batura biyu, injin da ke samar da wutar RS-232 yana cin batir sosai, don haka ba a kunna shi sai manhaja ta buɗe tashar. Manhajar da ta manta ba ta rufe ba tana shanye batir, wadda ta rufe da wuri kuma tana yanke magana. An kuma yi injuna irin MAX3221 masu kashe kansu idan ba su ji wuta daga ɗaya ɓangaren ba. Idan na'urori biyu masu wannan hali suka haɗu, kowace na jiran ɗayar ta fara, mita za ta nuna maka sifili a ƙafa ta 2 da ta 3 duka. Mafita ita ce a tilasta wa ɗaya ta fara turawa. Na'urar da aka tada daga barci kuma takan rasa harafin farko, don haka tura Enter sau ɗaya ko biyu, dakata kaɗan, sannan ka aika umarnin.

Akwai kuma ƙananan kaya da ba su da batir, daga ƙafa ta 4 da ta 7 suke tsotsar wutar da suke rayuwa da ita, wato DTR da RTS. Tsohuwar kwamfutar tebur na ba su abin da ya ishe su, adaftan USB mai rauni kuwa ba ya iyawa, ko manhajar ba ta ɗaga waɗannan ƙafafun ba. Auna su, in babu wutar sama, kunna su a saitin manhaja.

A Windows wurare biyu za ka gyara. Shiga Device Manager, buɗe kowane USB Root Hub, je Power Management, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar. Sannan a Power Options ka kashe USB selective suspend, ka hana laftof barci idan tana kan batir. A Android kuwa, tun fitowar 6.0 a 2015 akwai tsarin Doze da ke danne manhajoji idan allo ya mutu waya na ajiye, kuma kamfanoni da dama suna ƙara nasu mai tattalin batir a kai, wanda ya fi tsanani. In kana karanta inbata ko GPS da waya ta kebul ɗin OTG, cire manhajar daga jerin waɗanda ake tattala wa batir, ka tsawaita lokacin allo. A wasu wayoyin OTG ɗin kansa yana da maɓalli a saiti da ke kashe kansa bayan minti 10 babu aiki.

Wani abin mamaki na ƙarshe a wannan babi: ka cire wa fanel wuta, amma ya ƙi mutuwa sarai, ko ya ƙi tashi daidai idan ka mayar. Duba adaftanka. TX ɗinsa yana zaune a bolt 3.3, kuma wannan 'yar wutar na silalewa ta ƙafar RX ta shiga cikin injin ta riƙe shi tsakanin barci da farke. Zare adaftan, ƙirga goma, ba fanel wuta, sannan ka mayar. Kuma kada ka jona jan wayar adafta da na'urar da ke da nata batir. TX da RX da GND sun wadatar.

Zafi, ƙura da damina

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40 a inuwa, batirin litiyam kuwa ba a so a caja shi sama da digiri 45. POS da ke kan teburin ƙarfe a bakin titi, caja a jiki, firinta na aiki, ta wuce wannan tun kafin azahar. Na'urar kan dakatar da caji da kanta don kare batir, mai ita ya zo yana cewa bakin caji ya lalace. Kafin ka kunna ayan, ajiye ta a inuwa rabin awa ka sake gwadawa. Batirin da ya kumbura kuma ba a huda shi, ba a danne shi, ba a sa shi a firij. Canza shi ake yi.

Da hunturu ƙura ke cika bakin caji har kebul ya kasa kaiwa ƙarshe, ƙafafun wuta su taɓa, na bayani su kasa. Tsinken sakace da ɗan sifirit sun isa, ban da allura. Busasshiyar iskar lokacin tana tara wuta a jikin mutum, musamman mai rigar leda, don haka taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka taɓa fanel. Da damina kuwa, kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a Mabera. Danshi na sa ƙafafun soket su yi kore, kuma wannan koren yana iya barin caji ya wuce ya hana bayani.

Na'urar POS tana da iyakar da mai gyara ba ya tsallakewa. A cikinta akwai maɓallan tsaro da ɗan ƙaramin batir da ke riƙe da mabuɗan sirri na banki. Da zarar an kwance murfin ciki, ko wannan ɗan batirin ya yanke, sai ta goge mabuɗan ta kulle kanta, kuma babu manhajar da ke shagonka da za ta dawo da su. Abin da ke hannunka shi ne babban batir, caja, kebul, tsabtace baki da saitin barci. In matsalar ta wuce nan, mayar wa mai ita ya kai wa wakilin kamfanin da ya ba shi. Wayar da aka kawo a cire mata makulli kuwa, babu kwali babu rasit, ka ce a zo da shaidar saye kafin ka jona ta da kwamfutarka.